Zanen tsuntsayen garka da kayan gida

Zanen haɗe-haɗe, wanda ake kira technique mixte da Faransanci, shi ne hoton da ake yi da kaya iri daban-daban a kan allo guda: fenti, takarda, ƙyalle, fata, itace ko yumɓu. A Turai ya yi suna tun 1912, lokacin da Picasso da Braque suka fara liƙa takarda da wasu tarkace a jikin zanensu. A jahar Maraɗi kusan duk kayan wannan aiki suna nan a gida, a hannun masu sana'o'in gargajiya.

Kayan aiki

Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna a duniya saboda laushinta, ana jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Guntayen da dukawa ke zubarwa sun isa fiffike da wutsiya. Sakaina tana ba da ƙirjin tsuntsu, tun da ita ma a tanƙware take. Daga Jiratawa, garin magina tukwane, ana samun yumɓun shafe allo. Karan gero da na dawa, da yara suka saba ƙera motoci da su, suna zama reshe ko ƙafa. Ƙaro da aka jiƙa yana liƙa takarda da ƙyalle, amma fata da sakaina sai an ɗinke su ko an ɗaure da waya.

Tsuntsayen

A garaken bakin Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa zuwa Tibiri, ana ganin kurciya, marai, cilakowa, hankaka da balbela. Shamuwa kuwa tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Kowane da alamar da ake gane shi da ita: dogon bakin cilakowa, farin ƙirjin hankaka, sheƙar marai mai reto a ƙarshen reshe. Idan mai zane ya kama wannan alama, ko da ƙyalle uku ya yi aikin, mai kallo zai ambaci sunan tsuntsun.

Kiyayewa

Gashin tsuntsu wanda ya faɗo da kansa ake tsinta, ba a harbi don hoto. Gara da ƙwari suna cin kara da gashi, don haka a busar da kayan sosai, a rataye aikin nesa da danshi.

Tsuntsu ba ya zama inda babu itace. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona, ya faro a jahar Maraɗi a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Gawo, kalgo da aduwa da manoma suka bari su ne mazaunin tsuntsayen da mai zane ke kwaikwayo.