Kuɗin duba lafiyar tsirrai a iyakar Bagudo da Benin

Kuɗin duba lafiyar tsirrai kuɗi ne da mai shigo da tsirrai ko amfanin gona daga wata ƙasa yake biyan hukuma domin ta bincika kayan, ta tabbatar ba su ɗauke da ƙwari ko cututtukan da za su yi wa noman ƙasa lahani. A Najeriya, Hukumar Killace Kayan Noma ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAQS, ita ce ke wannan bincike a tashoshin jiragen ruwa da na sama da kuma iyakokin ƙasa, har da iyakar Jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin. Kayan da abin ya shafa sun haɗa da iri, dashe, hatsi, saiwoyi irin su doya da rogo, 'ya'yan itatuwa, ganyaye, katako, da akwatunan katako da ake zuba kaya a ciki.

Bambancinsa da kuɗin fito

Mutane da yawa na haɗa wannan kuɗi da kuɗin fito da ake biyan kwastan, alhali ba ɗaya ba ne. Kuɗin fito haraji ne da ake yankewa bisa darajar kaya don samar wa gwamnati kuɗin shiga ko kare masana'antun gida. (Ita kanta kalmar fito asalinta ƙetarar da mutane da kaya a kogi cikin kwalekwale ne, kuma a bakin Kwara har yau ana amfani da ita da wannan ma'ana.) Shi kuwa kuɗin duba lafiyar tsirrai ladan aiki ne: aikin buɗe kaya, ɗibar samfuri, gwaji, da kashe ƙwari idan an same su.

Bambancin yana da amfani a aikace. A ƙarƙashin tsarin sauƙaƙa ciniki na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya faro a 1979, amfanin gonar da aka noma a cikin yankin ba ya biyan kuɗin fito. Wannan yafiya ba ta ɗauke binciken lafiya ba, domin ƙwaro bai san ƙasar da aka noma masarar da ya shiga ba.

Tushen doka

Yarjejeniyar Kare Tsirrai ta Duniya ta 1951, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kula da ita daga birnin Rum, ta ba kowace ƙasa ikon bincikar tsirran da ake shigo mata da su da kuma neman takardar shaidar lafiya daga ƙasar da suka fito. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan lafiyar abinci, dabbobi da tsirrai, wadda ta fara aiki a 1995, ita ce ta yi maganar kuɗi kai tsaye. Ta shardanta cewa kada kuɗin ya wuce ainihin abin da aikin ya ci, kuma a yi adalci tsakanin kayan waje da makamantansu na gida.

A cikin gida, an haɗe sassan killace tsirrai da dabbobi da halittun ruwa wuri ɗaya a 2007 aka samar da NAQS, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa ta a 2018. Hedikwatarta na Abuja, kuma tana da tashar killace tsirrai bayan shigowa a Ibadan, inda ake shuka iri ko dashen da ake shakka a kansa, a sa masa ido kafin a sake shi.

Yadda ake biya

Kuɗin ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai na takardar izinin shigo da kaya, wadda ake nema tun kafin kayan su taso. Akwai na binciken kansa a bakin iyaka, wanda ya danganta da irin kayan da yawansu. Idan jami'i ya ga alamar ƙwari, akan turara kayan da magani mai hayaƙi, kuma mai kaya ne ke ɗaukar nauyin haka. Idan abin ya fi ƙarfin magani, a mayar da kayan inda suka fito ko a lalata su. Mai fitar da kaya waje shi ma yana biyan kuɗin takardar shaidar lafiya da zai nuna wa hukumomin Benin. Tun daga 2015, kuɗaɗen shiga na hukumomin tarayya suna tafiya Asusun Bai-ɗaya na gwamnati, galibi ta manhajar Remita, don haka rasidi shi ne abin da ke raba kuɗin hukuma da na goro.

Tarayyar Turai ta rubuta nata farashin cikin doka, inda duba takardun kaya ɗaya ke cin Yuro 7, sannan duba lafiyar ƙananan dashe har guda 10,000 ke cin Yuro 17.5.

Iyakar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, a cikin Masarautar Gwandu, kuma Kogin Kwara ya ratsa ta. Tana iyaka da yankin Alibori na arewacin Benin. Mashigar Tsamiya tana kallon garin Segbana, yayin da hanyar Illo da Lolo ke nufar Malanville, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin take. Daga arewa kuma, a Ƙaramar Hukumar Dandi, akwai mashigar Kamba.

Al'ummun da ke zaune a ɓangarorin biyu, wato Hausawa, Fulani, Dandawa, Zabarmawa, Kengawa da Bokawa, sun girmi iyakar nesa ba kusa ba. Suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, kuma ba baƙon abu ba ne mutum ya kwana a wata ƙasa gonarsa tana ɗayar. Masara, dawa, shinkafa, doya, waken suya, albasa da ƙwaryar kaɗanya suna ƙetarawa a manyan motoci, amma kuma suna ƙetarawa buhu ɗaya buhu biyu a kan babur, a amalanke, ko cikin kwalekwale.

A nan ne tsarin ke cin karo da yanayin wurin. An gina shi ne a kan ɗan kasuwa mai tirela, wanda ya nemi izini tun da wuri, yake riƙe da takardar shaida da Faransanci daga ma'aikatar noma ta Benin. A gare shi kuɗin ɗan kaɗan ne cikin jarinsa. Ga matar da ta sayo buhu biyu na masara a Segbana kuwa, kuɗin da jiran da neman takarda na iya cinye ribar baki ɗaya, ga shi kuma hanyoyin daji a buɗe suke. Duk kayan da suka bi ta daji ba wanda ya buɗe su. Saboda haka tsadar kuɗi a irin wannan iyaka ba lallai ta ƙara kariya ba, tana iya rage ta ma. Ga kuma yawan shingaye a kan hanya, abin da ke sa mai kaya ya kasa bambance wanda doka ta ba shi ikon karɓa da wanda ya tsaya neman na kansa.

Rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi a watan Agustan 2019 ya dakatar da shigo da kaya ta halal, amma bai tsayar da fasa-ƙwauri ba. An buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum a Disamban 2020, Kamba kuma sai a Afrilun 2022.

Abin da ake gudu

Ƙwaron nan mai huda hatsi a rumbu, wanda asalinsa na tsakiyar nahiyar Amurka ne, an gan shi a Togo a 1984, daga nan ya bazu zuwa Benin da Najeriya. Yana tafiya ne cikin busasshiyar masara da busasshen rogo, wato ainihin kayan da ake ratsa iyaka da su, kuma irinsa ne bincike a bakin iyaka ke iya kamawa. Tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa kuma ya dakatar da aiki saboda rashin kaya.

Ba kowace annoba ce bincike ke tarewa ba. Tsutsar masara, wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016 a Najeriya da Benin da Togo, malam-buɗe-littafinta na iya tashi kusan kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka masa. Irin wannan sai dai sa ido a gonaki da musayar bayanai tsakanin malaman gona na ƙasashen biyu. Inda binciken iyaka ya fi amfani shi ne iri da dashe da hatsin ajiya, domin su ne ake kaiwa gona ko rumbu kai tsaye, inda ƙwaro zai tarar da abinci yana jiransa.