Sanƙo: Abin da ke jawo shi, yadda yake shafar rayuwar maza da magungunan da ke aiki

Sau da yawa mai aski ne ke fara gani. Yana cikin aikinsa sai ya lura gashin tsakar kai ya fara yin shara-shara, ko kuma goshi ya soma cin iyaka ta gefe biyu. Wani kuma a hoton biki zai hango kansa ta baya, ya yi ta mamakin ko shi ne.

Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan rabin maza kan samu sanƙo, kaɗan ko mai yawa, kafin su cika shekara 50, kuma akwai waɗanda yake kamawa tun suna 'yan shekara 20.

A ƙasar Hausa hula ta daɗe tana rufa wa masu sanƙo asiri. Amma ga Bahaushen da ke aiki a ofis a Landan, ko a asibiti a Jidda, ko yake karatu a Amurka, inda ba kullum ake sa hula ba, lamarin a fili yake. Ga tallace-tallacen mayuka da ƙwayoyi da asibitocin dashen gashi sun cika shafukan sada zumunta, kowa na cewa nasa ne sahihi.

Yadda gashi ke tsirowa da zubewa

A kan mutum akwai silin gashi kimanin 100,000, kuma kowane sili yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata inda saiwarsa take. Sili kan yi shekara biyu zuwa shida yana tsawo, sannan ya huta na kusan wata uku, ya faɗi, sabo ya maye gurbinsa. Don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne.

A wajen mai sanƙo, ramukan gashin ne ke tsukewa sannu a hankali. Duk silin da ya fito sai ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma kamar gashin jariri, daga bisani ramin ya daina fitar da komai.

Me ke jawo shi?

Abu biyu ne ke haɗuwa: gado da kuma sinadarin maza. Jiki na sarrafa wani kaso na sinadarin testosteron ya koma wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Shi ne ke tsuke ramukan gashin goshi da na tsakar kai a jikin wanda ya gaji hakan. Ramukan ƙeya da na gefen kunne ba su cika jin tasirinsa ba, shi ya sa ko tsoho mai sanƙo ƙwal ake ganinsa da gashi a zagayen kai.

Tun zamanin Girkawan da, likita Hippocrates ya lura cewa mazan da aka dandaƙe ba sa yin sanƙo. A 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya tabbatar da alaƙar sanƙo da sinadarin maza. Ma'aunin da ya tsara, wanda likita O'Tar Norwood ya inganta a 1975, ya kasa sanƙo zuwa mataki bakwai, kuma da shi likitoci ke aiki har yau.

Ana yawan cewa daga dangin uwa ake gadon sanƙo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin halittar da ke da hannu a lamarin daga uwa namiji ke samun ta. Sai dai wani bincike da masana a Jami'ar Edinburgh suka wallafa a 2017, bayan nazarin maza fiye da 52,000, ya gano wurare 287 a ƙwayoyin halitta da ke da alaƙa da sanƙo. Ke nan ta kowane ɓangare yana iya zuwa, uwa ko uba.

Ba kowace zubewar gashi ce sanƙon gado ba

Wannan bambanci na da muhimmanci, domin kowace da maganinta.

Akwai zubewar da ke biyo bayan wahalar jiki, kamar zazzaɓi mai tsanani irin na taifot, ko tiyata, ko korona, ko rama ta farat ɗaya, ko tashin hankali. Takan bayyana wata biyu zuwa uku bayan abin ya faru, ta shafi kai baki ɗaya, kuma galibi gashin kan dawo da kansa cikin watanni. Ƙarancin sinadarin ayan a jini da wasu magunguna, musamman na cutar daji, su ma suna zubar da gashi.

Akwai kuma wadda garkuwar jiki ke far wa saiwar gashi, sai a wayi gari a ga wani fili a zagaye kamar kwabo a kai ko a gemu, sumul babu ƙaiƙayi. Likitoci na kiranta alopecia areata. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin baricitinib ga masu fama da mai tsananinta.

Makero, wanda ya fi kama yara, ƙwayar cuta ce ke jawo shi, kuma yana yaɗuwa ta hanyar aska da mataji da hula. Maganin sha yake buƙata, shafa mai kaɗai ba ya kawar da shi.

Sai kuma ƙurajen ƙeya da suka fi addabar maza baƙar fata, waɗanda yawan aski da reza da gogar wuyan riga ke tsananta su. Idan aka bar su suka zama tabo, gashi ba ya sake fitowa a wurin.

Abubuwan da ake faɗa da ba haka suke ba

Sanya hula ko rawani ba ya jawo sanƙo, domin daga jini saiwar gashi ke samun abincinta. Yawan aski ba ya sa gashi ya yi kauri, kamar yadda ba ya hana shi zubewa. Haka nan mai sanƙo bai fi sauran maza yawan sinadarin testosteron ba, ramukan gashinsa ne suka fi saurin jin tasirin DHT.

Hausawa kan yi wa mai sanƙo ba'a da cewa alamar kuɗi ce ko ta ilimi. A nan wasa ne, amma a wani wuri irin wannan camfi ya ci rayuka: a 2017 'yan sanda a Mozambik sun gargaɗi masu sanƙo bayan an kashe wasu maza a gundumar Milange, bisa imanin cewa akwai zinare a cikin kawunansu.

Yadda yake shafar zamantakewa

Damuwa da sanƙo ba yau ta fara ba. Wani kundin magani na tsohuwar Masar da aka rubuta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ya ba da shawarar shafa kitsen zaki da na dorina da na kada. Marubucin tarihi Suetonius ya ruwaito cewa shugaban Rum Julius Caesar kan taje gashinsa zuwa gaba don ya rufe nasa.

Sanƙo ba ya ciwo, ba ya kisa, amma masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa yana iya taɓa yadda mutum ke kallon kansa, musamman idan ya zo da wuri. Saurayin da ke neman aure ko neman aiki yana iya ganin an ƙara masa shekarun da bai kai ba. Wani ya daina shiga hoto, wani ba ya cire hula ko a cikin abokai, wani ma ya kai ga ciwon damuwa. Kasancewar maza ba su saba faɗin irin wannan ba, sai zolayar ta ci gaba, ana ganin raha ce.

Maganar ta kai har kotu da fagen siyasa. A watan Mayun 2022 wata kotun ma'aikata a Ingila ta yanke hukuncin cewa zagin wani ma'aikacin lantarki da sanƙonsa a wurin aiki cin zarafi ne mai alaƙa da jinsi, tun da maza abin ya fi shafa. A shekarar ce kuma, a Koriya ta Kudu, Lee Jae-myung ya yi alƙawarin sanya maganin sanƙo cikin inshorar lafiya lokacin da yake yaƙin neman shugabancin ƙasa.

Ba kullum ake kallon rashin gashi a matsayin naƙasu ba. Wani bincike da Albert Mannes na makarantar Wharton a Amurka ya wallafa a 2012 ya nuna cewa mutane na ganin mazan da suka aske kansu ƙwal da kwarjini fiye da masu gashi shara-shara.

Magunguna biyu da aka tabbatar

Na farko shi ne minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shan sa na fitar da gashi, lamarin da ya sa aka mayar da shi na shafawa, FDA ta amince da shi a 1988. Ana shafa shi a fatar kai kullum, kuma sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga sauyi. A makonnin farko zubewar kan ƙaru kafin ta lafa. Yana iya jawo ƙaiƙayi, sannan guba ne ga kyanwa, don haka mai mage a gida ya kiyaye.

Na biyu shi ne finasteride, ƙwaya ɗaya mai nauyin miligram 1 a rana, wanda aka amince da shi a 1997. Yana rage DHT a jini da kusan kashi biyu cikin uku. A gwaje-gwajen da aka yi, ya tsayar da zubewar gashi ga mafi yawan waɗanda suka sha, wasu ma gashin ya ƙaru.

Sai dai yana da illolin da ya kamata a sani. Kaɗan daga cikin masu shan sa kan samu raguwar sha'awa ko raunin mazakuta, kuma wasu sun ce matsalar ta ci gaba bayan sun daina. A 2024 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta umarci a riƙa saka katin gargaɗi a kwalinsa, a 2025 kuma takwararta ta Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa tunanin kashe kai na cikin illolinsa. Duk wanda ya ji sauyi a yanayin ransa ya daina sha, ya ga likita. Mace mai juna biyu kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, domin tana iya cutar da ɗan tayi namiji.

Duka biyun suna aiki ne muddin ana amfani da su. Da zarar an daina, cikin wasu watanni gashin da aka samu zai zube. Kuma sun fi tasiri a farkon lamari, tun ramukan ba su mutu ba. A Birtaniya hukumar lafiya ta NHS ba ta ɗaukar nauyinsu saboda sanƙo, mutum ne ke biya daga aljihunsa.

Man habbatus sauda da man kwakwa da man kaɗanya da ruwan albasa na iya laushe gashi da fata, amma babu ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya da ta nuna suna dawo da gashin da sanƙon gado ya cinye.

Dashen gashi

A wannan aiki ana ɗebo saiwoyi daga ƙeya a dasa su inda ya zube. Likitan fata Norman Orentreich na New York ne ya nuna a shekarun 1950 cewa gashin ƙeya kan riƙe ɗabi'arsa ko an canza masa wuri. Hanya biyu ake bi: ko a yanko siririn zirin fata a rarraba shi, ko a riƙa ciro saiwoyin ɗaya bayan ɗaya.

Gashin da aka dasa kan zube bayan 'yan makonni, sabo ya fara fitowa bayan watanni, kuma sai an shekara ko fiye kafin a ga cikakken sakamako. Ɗan wasan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya rage wa maza da dama jin kunyar abin a 2011, lokacin da ya sanar cewa an yi masa dashe yana shekara 25.

NHS ta ce kuɗin aikin a Birtaniya na kamawa daga fam 1,000 zuwa 30,000. Tsadar ce ta sa birnin Santambul na Turkiyya ya zama matattarar masu neman dashe, inda ake haɗa kuɗin aiki da na otal a farashi mai rahusa. Akwai ƙwararru a can, akwai kuma wuraren da waɗanda ba likitoci ba ke yin aikin. Araha ba ta ado.

Ga baƙar fata akwai ƙarin abin lura guda biyu. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take a cikin fata, don haka tana da saurin yankewa a hannun wanda bai saba da ita ba. Sannan fatar wasu kan yi tabo mai tudu bayan rauni. Ya kamata mutum ya tambayi wanda zai yi aikin da hannunsa, ya duba rajistarsa, ya nemi ganin hotunan masu irin gashinsa. A kuma sani cewa gashin ƙeya na da iyaka, kuma dashe ba ya hana sauran gashin ci gaba da zubewa.

Ta fuskar addini, malamai da dama, cikinsu har da marigayi Sheikh Ibn Usaimin na Saudiyya, sun halatta dashen gashin mutum na kansa, bisa hujjar cewa kawar da aibi ne, ba sauya halitta ba.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Idan gashi ya zube farat ɗaya, ko ya bar fili a zagaye, ko akwai ƙaiƙayi da ƙuraje da ruwa, ko ya zo tare da rama da kasala, to a garzaya asibiti. Haka wanda ke shirin fara magani, gara ya ga likitan fata kafin ya yi oda ta intanet, inda jabun magunguna suka yi yawa.

Wanda kuma ya zaɓi ya aske ya huta, shi ma mafita ce, ba ta da illa kuma ba ta cin kuɗi. Abin da ya rage masa shi ne kare fatar kansa daga rana, musamman a wurare masu zafi irin su Makka da Khartoum da Njamena. A nan hula na da amfanin da likitoci ma suka yarda da shi.