Asalin Ƙasar Hyrule

Ƙasar Hyrule ba ta cikin taswirar duniya. An ƙage ta ne a wasan bidiyo mai suna The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fara fitarwa a 1986, aikin Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka. Miyamoto ya tashi a garin Sonobe, lardin Kyoto. Yana yaro yakan yi ta yawo cikin kurmi, har wata rana ya tarar da bakin kogo, ya samo fitila ya kutsa ciki. Daɗin nan na gano wurin da ba a sani ba shi ya so ya ɗanɗana wa masu wasa, sai ya cika ƙasar da kogunan dutse da ɓoyayyun hanyoyi.

Daga baya aka yi mata tatsuniyar asali. A wasan Ocarina of Time na 1998, wai alloli mata uku ne suka sauko. Din ta shimfiɗa jar ƙasa, Nayru ta kafa doka, Farore ta zo da masu rai. Da za su koma sama sai suka bar zinare uku masu kusurwa uku-uku a haɗe, ana kiransu Triforce: ƙarfi, hikima da jarumta. Wanda duk ya taɓa su yakan sami burinsa, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa a ƙasar.

Kowace kabila da mazauninta. Hiliyawa, masu dogayen kunnuwa, su ke da sarauta da fada, gidan Gimbiya Zelda. Goron, masu cin duwatsu, suna kan Dutsen Mutuwa mai aman wuta. Zora suna mafarin kogi, Kokiri suna kurmi, ba sa wuce ƙuruciya. Gerudo kuwa mutanen hamada ne, duk mata, namiji ɗaya ake haifa musu a shekara 100, shi ke zama sarki. Ta haka Ganondorf ya fito, ya yi kwaɗayin Triforce, ya ci fadar da yaƙi, sai da wani yaro mai suna Link ya tashi aka karya shi.

Ko da Ganondorf ya sake dawowa, a wasan The Wind Waker na 2002, ba a sami jarumi ba. Sai ruwa ya shanye ƙasar, mutane suka tsere kan tsaunuka, tsaunukan suka zama tsibirai. Ka ji asalin Hyrule da yadda ta koma teku.