Mamadu da Bineta sun girma, mu ma mun girma

Bayan sadakar arba'in ta yayana, mun buɗe akwatin ƙarfensa a gidanmu na Buza don a raba abin da ke ciki. A can ƙasa, ƙarƙashin wata tsohuwar riga, na ci karo da littafi wanda bangonsa ya tafi, an yi masa sabo da takardar buhun siminti, an ɗinke da zare. Tun kafin in buɗe na gane shi. Mamadou et Bineta sont devenus grands ne, wato Mamadu da Bineta sun girma. Sai na zauna a bakin gado na bar mutane suna ta lissafin tabarmi da butoci.

Mai karatu na Kano ko Katsina zai ce mene ne abin zama a kan littafin makaranta. Amma duk wanda ya shiga lakwal a Nijar ko Mali ko Senegal a zamanin iyayenmu da namu ya san sunayen nan biyu kamar 'yan ɗakinsu. Wani malami Bafaranshe, André Davesne, wanda ya yi aikin koyarwa a Afirka, shi ya fara rubuta jerin wajen 1930, kamfanin Istra ya buga. Kafin nan yaran ƙasashen da Faransa ta mallaka yawanci littattafan yaran Faransa suke karantawa, masu zancen dusar ƙanƙara da itatuwan da ba wanda ya taɓa gani a Adar. Davesne ya kawo yaro da yarinya baƙaƙe, da gero da akuya da kasuwa. Dabararsa babba kuwa a sunayen littattafan take. A na farko yaran suna koyon karatu da rubutu. A na gaba sun iya, suna yi ba gargada. A na ƙarshe, wanda ya rubuta da J. Gouin ya fito a ƙarshen shekarun 1930, an ce sun girma. Kana hawa aji suna hawa tare da kai.

Ni na shiga lakwal 'yan shekaru bayan samun 'yancin 1960. Tuta ta canja, Diori Hamani yana Yamai, amma littafin da ke cikin kabad ɗin mushe bai canja ba. Mu uku ko huɗu muke haɗa kai a kan guda. Abin da ba na mantawa shi ne yadda muke kallon 'yan ajin CM2 in sun fito da babban littafin a hammata. Wannan ne ma'aunin girma a wurinmu, ya fi tsiron gemu. Yayana ya samu nasa na kansa ne saboda wani kawunmu mai fataucin albasa tsakanin Madawa da kudu ya sayo masa. Ba ya bari in taɓa sai na wanke hannu. Da dare, a hasken fitilar kwai, yakan karanta da ƙarfi ni kuma ina kwaikwayon bakinsa, ban san ma'anar ko rabin abin da yake faɗa ba.

To amma gaskiya ba ta ƙare a nan ba. A ajin da muke son Mamadu da Bineta, a nan ake rataya wa yaro "sambol" in ya kuskura ya yi Hausa. Namu wani ƙashi ne da aka huda aka sa wa igiya. Wanda yamma ta yi yana wuyansa ya san abin da ke jiransa, don haka kowa ya zama ɗan leƙen asirin ɗan'uwansa. Na taɓa maƙala shi ga abokina saboda ya ce "wayyo" da kunama ta harbe shi. Har yau in mun haɗu a kasuwar Keita sai ya tuna mini, muna dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki. Littafin kansa ma ɗan zamaninsa ne: an rubuta shi don a samar wa mulkin mallaka malamai da akawuna da tafintoci, kuma Bature a cikinsa shi ne mai kawo haske. Da na sake karanta shi da furfura a kaina, wasu shafukan sai da na ajiye na numfasa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin labarin yaran kansu. Ni a zuciyata na ɗauka doguwar hikaya ce, na san gidansu, na san halin kowannensu. Ashe yawanci darussa ne, da nahawu, da guntayen rubuce-rubucen wasu marubuta. Sauran duk mu muka cika da kanmu. Mamadun da nake tunawa yana da fuskar yayana.

A shekarun da Davesne yake wannan aiki, can kudu da iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, Abubakar Imam yana Zariya tare da Rupert East yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Shi ma littafin makaranta ne, shi ma hukumar mallaka ce ta sa a yi, shi ma yana da yaron da ake renonsa da labari: Musa ɗan Sarki Abdurrahman, wanda aku ya riƙe da zance don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A littafi na uku ma akun ɗansa Fasih yake koya wa sana'ar. Bambancin shi ne yaron Katsina yana karantawa uwarsa tana dariya daga bakin murhu, ni kuwa in na karanta namu, inna sai dai ta ce Allah ya yi albarka. Ban riƙe Magana Jari Ce ba sai da na zama saurayi, wani direban babbar mota ya ba ni aro a tashar Madawa. Na sha wuya kafin idona ya saba da ƙ da ɗ da ɓ. Harshen da na sha a nono sai ga shi ina haɗa baƙinsa kamar ɗan aji ɗaya. Na fi jin daɗinsa nesa ba kusa ba, kuma na san ya fi namu gwaninta. Duk da haka ba shi ne ya zaunar da ni a bakin gado ba.

Nijar ta yi ƙoƙarin gyara. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya hukumar INDRAP ta riƙa fitar da littattafan da 'yan ƙasa suka rubuta. Amma Mamadu da Bineta ba su mutu ba. Kamfanin EDICEF ya ci gaba da buga su, kuma na san iyaye da yawa masu saya wa 'ya'yansu na farkon don koyo a gida, suna cewa da shi aka iya Faransanci na gaske. Ina zargin ƙuruciyarsu suke saye, ba Faransanci ba. Ni ma na saya wa jikata.

A shafin farko na wanda na samu a akwati akwai sunaye uku. Na yayana da alƙalamin tawada, nawa a ƙasa da biro, sai na ƙanwarmu da fensir, baƙaƙen sun karkace. Ta rubuta shi tun tana ajin CE2 don ta kama layi. Shekarar da fari ya tsananta, 1973 zuwa 1974, aka cire ta daga lakwal, ba a jima ba aka yi mata aure a wani ƙauye na kwarin Majiya. Layin bai taɓa zuwa kanta ba.

Tana cikin ɗakin ranar rabon. Na miƙa mata, ta juya shi a hannu, ta gane rubutunta, ta yi shiru. Can ta ce, "Yaya, ita Binetar, da ta girma me ta zama?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Na bi shafukan da gara ta bari ɗaya bayan ɗaya, ban sami abin da zan faɗa mata ba. Da za ta koma gida ta sa littafin cikin ƙullin kayanta, ba wanda ya lissafa shi a cikin gado.