Yadda Tantanin Zuciyar Saniya Ya Zama Facin Jijiya

Duk mahaucin da ke aiki a kwatar Kontagora ya san tantanin nan da ke lulluɓe da zuciyar saniya, fari-fari, ga santsi ga ƙarfi. Irinsa ne likitocin fiɗa ke yi wa jijiyar jini faci da shi, bayan sun tsaga ta sun kankare maiƙon da ya toshe ta. Idan aka ɗinke tsagar haka nan, jijiyar tana iya tsukewa.

Alexis Carrel, mutumin Faransa, shi ya fito da dabarar ɗinkin jijiya a 1902, har ya sami kyautar Nobel a 1912. Amma da me za a cike gurbi? A 1952 Arthur Voorhees ya nuna a Amurka cewa yadin roba zai iya. Michael DeBakey ya sayo yadin Dacron a kanti, ya ɗinka shi da keken ɗinkin matarsa. Tantanin dabba kuwa jiki ƙin sa yake yi, sai a ƙarshen shekarun 1960 da Alain Carpentier ya jiƙa naman zuciyar alade cikin sinadarin gulutaraldehayid, ya ga jiki ya haƙura da shi. A 1971 Marian Ionescu ya yi haka da tantanin zuciyar saniya a Ingila. Ga majinyacinmu Musulmi, wannan sauyi ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Mai ciwon suga na cikin waɗanda suka fi buƙatar facin, kuma jikinsa kan yi wuyar karɓarsa. Sugan da ya yi yawa yana lalata shimfiɗar cikin jijiya, sabon nama ya yi jinkirin rufe facin, wani lokaci kuma ya yi kauri a bakin ɗinkin har hanyar ta sake tsukewa. Ƙwayoyin cuta na son maƙalewa a yadin roba, shi ya sa idan akwai gyambo a ƙafa likitoci suka fi son jijiyar majinyacin kansa, ko tantanin saniya.

Abin da ke damuna, aikin na manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Shika a Zariya. Majinyata da yawa a ƙasar Kontagora kan tsaya shafe-shafen magani a gida, sai yatsa ya yi baƙi ake neman mota, alhali faci ba ya raya naman da ya riga ya mutu.