Daga Jaji Zuwa Malamin Kimiyya: Tarihin Horar Da Masu Koyarwa A Ƙasar Gwandu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2013 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda harabarta take a ƙasar Kalgo, a kan hanyar Bunza. Zaman jami'a a tsakiyar gonaki da rugage da fadamun shinkafa ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya, watau: wa zai koya wa ɗan manomi da ɗan makiyayi da ɗiyar masunci lissafi da kimiyya, kuma daga ina za a samo wannan malami? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun amsoshin da aka ba wannan tambaya tun daga zamanin jihadi, domin a nuna cewa ilmi ya fi isa ga talakan ƙauye idan daga cikinsu aka ɗauko malami, aka horar da shi sosai, sannan aka mayar musu da shi.

2.0 Zamanin Jihadi

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamin da zai raba gado ko ya fitar da zakka ko ya tantance lokutan salla, tilas ne ya san hisabi da tafiyar taurari. Tun kafin jihadi ma an yi Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Da Shehu Usmanu ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi kula da yammacin daula a 1812, sai Gwandu ta zama matattarar ɗalibai. Sai dai galibin wannan ilmi da Larabci yake, a zaurukan malamai, kuma maza ne suka fi samun sa.

Wadda ta buɗe wa matan ƙauye ƙofa ita ce Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), ɗiyar Shehu. Ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda take zaɓen dattijuwa mai hankali daga kowane ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa a matsayin shaidar aiki. Jaji takan jagoranci mata su zo wurin Nana su ɗauki karatu, su koma gida su koyar da waɗanda aure da raino suka hana tafiya. Addini da tarbiyya ne abin da jajoji suka koyar, amma tsarin shi ne abin lura a nan. An zaɓi mai koyarwa daga cikin jama'arta, an horar da ita baki da baki, an kuma ba ta darasi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, harsunan da ɗalibanta suke ji.

3.0 Zamanin Turawa

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai sabon tsari ya shigo, fadar Sarkin Gwandu ma daga baya ta koma Birnin Kebbi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta koyar da lissafi, amma 'ya'yan sarakuna da malamai aka fi nema. Haka kuma Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malamai, ta yaye gwanaye irin su Ahmadu Bello, wanda ya fita a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato. Horon ya yi kyau ƙwarai, sai dai ƙofar ƙarama ce, kuma lissafin da hukuma ta fi buƙata shi ne na haraji da baitulmali. Su kuwa mata, sai a 1930 aka buɗe musu makarantu a Kano da Katsina, sannan a 1939 aka kafa makarantar horar da malamai mata a Sakkwato, inda aikin gida da tsafta suka rinjayi manhaja.

4.0 Bayan Samun 'Yanci

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya juya al'amarin. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Aka buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ƙara wa na bakin aiki sani. A karon nan 'ya'yan talakawa da yawa sun zama malamai, amma da dama an tura su aji tun karatunsu bai nuna ba, musamman a lissafi da kimiyya. Malamin da yake tsoron lissafi kuwa, tsoron ne abin da ɗalibinsa zai fara gada daga gare shi.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, abin da ya nuna cewa yaran Arewa suna iyawa idan an ba su malami da kayan aiki. A 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 aka sami kwalejin ilmi a Argungu, sannan jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006.

5.0 Matsayin Harshe

Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ife suka gwada koyar da yaran firamare dukkan darussa da Yarbanci har shekara 6, aka kuma ga yaran ba su gaza takwarorinsu ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yarda a fara karatu da harshen gida. A 2022 gwamnati ta faɗaɗa wannan zuwa dukkan shekarun firamare, sannan a 2025 ta soke shi ta koma ga Ingilishi. Ko wane harshe doka ta zaɓa, yaron da ya fito daga ruga ko ƙauyen Kalgo da Hausa ko Fulatanci zai iso aji. Alal misali, wanda ya taɓa halartar rabon gado ya ji rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, ya kuma san mudu nawa ke cika tiya. Malamin da ya tashi a cikin wannan rayuwa shi ne zai iya ɗora sabon darasi a kan wannan tsohon sani, maimakon ya sa yaro haddar abin da bai fahimta ba.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, Turawa sun kyautata horo amma sun taƙaita masu shiga, shirin 1976 kuwa ya yawaita masu shiga amma horon ya yi rauni. Tsarin jaji ne ya haɗa biyun. Saboda haka aikin da ke gaban jami'ar da ke Kalgo da kwalejin Argungu shi ne su nemo yara masu ƙoƙari, maza da mata, daga rugage da ƙauyukan masunta, a tallafa musu da kuɗin karatu, a koya musu lissafi da kimiyya har su ƙoshi, tare da dabarun bayani da harsunansu. Ya kuma rage ga hukuma ta biya su albashin da zai sa su zauna a ƙauyukan da suka fito. Malaman Hausa ma suna da nasu kaso, domin su ne za su zauna da malaman kimiyya su daidaita kalmomin da waɗannan sababbin malamai za su shiga aji da su.