Zamanin da Binuwai ke Sa Ranar Tafiya

Baƙo in ya zo Adamawa yakan rikice da garuruwan Yola da Jimeta. Ya ce Yola za shi, mota ta sauke shi a Jimeta. Ya nemi fadar Lamiɗo, a ce masa sai ya ƙara gaba. Mu da aka haifa a nan tun muna yara muka san bambancin: Yola garin sarauta ne da malanta, Jimeta kuwa garin kasuwa ne da baƙi. Abin da yaran yanzu ba su cika sani ba shi ne kogin Binuwai ne ya raba wa garuruwan aiki, kuma ya yi shekara kusan tamanin yana yanke wa kowa ranar tafiya da ranar dawowa.

Da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, hankalin Fulani yana kan dawaki da shanu da hanyar Sakkwato. Ruwa na mutanen Bata ne da masunta da masu fito. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ta ƙasa ya zo daga Kukawa a watan Yuni na 1851. Ya haye kogin a kwalekwale daidai inda Faro ke zuba a Binuwai, ya iso Yola, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Amma labarin da ya aika Ingila, cewa ga wani babban kogi a tsakiyar ƙasa, shi ya jawo jirgin hayaƙi. A 1854 jirgin Pleiad, ƙarƙashin Likita William Baikie, ya hau Binuwai har ƙasar Muri. Bai iso Yola ba. Itacen hura wuta ya yi masa wuya, ruwa kuma ya fara ja, dole ya juya. Darasin da duk wanda ya biyo baya ya haddace ke nan: kogin nan ba kullum yake karɓar baƙo ba.

Dalilin a fili yake. Binuwai, mai tsawon kilomita kusan 1,400, daga tsaunukan Kamaru yake tasowa, kuma ruwan sama ne abincinsa. Da rani sai ya koma rairayi da 'yan zirara, har a wasu wurare mutum ya taka ya haye. Sai marka ta kankama, Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala sun zubo nasu, sannan ya cika ya batse. A wancan zamani babban jirgi yakan iya zuwa Yola daga ƙarshen Yuli ko farkon Agusta zuwa Oktoba. Wata uku ke nan cikin goma sha biyu, wata shekarar ma ba sa cika.

A shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila na George Goldie, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886, ya samu izinin ciniki a zamanin Lamiɗo Sanda. Sarakunan Yola ba su saki jiki da shi ba, don haka cinikin ya koma cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, shi ne kanti, shi ne sito. Bafaranshe Louis Mizon ya zo a 1891 yana neman wa ƙasarsa gindin zama wajen Lamiɗo Zubairu. Da Turawan Ingila suka ƙuduri cin Yola da yaƙi, su ma sai da suka jira ruwa: sojojin Kanar Morland a jirage suka hauro, suka ci garin ranar 2 ga Satumba, 1901, lokacin da kogi ke kan ganiyarsa. Zubairu ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Daga nan ofisoshin mulki da kantunan kamfani suka kafu a gefen kogi, inda jirgi ke iya tsayawa, Jimeta ta fara tumbatsa da Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa da Inyamurai.

Kakana na wajen uwa fataucin kiraga da fatu ya yi, kuma daga bakinsa na ji yadda ake shirin tafiyar jirgi. Ina ƙaramin yaro na taɓa tambayarsa, "Kaka, wace rana jirgin ke tashi?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, jirgi ba shi da rana. Ruwa ake kallo." Ya ce tun farkon damina mutum zai riƙa zuwa bakin kwata yana duban wani dutse ko kututture da ya sa wa alama. Ranar da ruwa ya shanye alamar, sai ya je wajen akawun kamfani ya ji ko waya ta zo daga Lakwaja ko Ibi cewa jirgi ya wuce. Daga ranar babu kwana a ƙauye, babu zuwa biki mai nisa. Kaya a ɗaure suke a zaure, ana jiran ƙarar usur.

Wani abin mamaki na wannan ciniki shi ne amfanin gona da jirgi ba sa haɗuwa a shekara guda. Gyaɗa da auduga da riɗi da kaka ake girbe su, lokacin da ruwa ya riga ya tafi. Saboda haka kamfanoni irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, sai su saya su auna a sikeli, su jibge a sito wata takwas ko tara suna jiran Agusta. Haka kuma gishiri da kananzir da akoko da atamfa da kwanon rufi da siminti na shekara ɗungum, cikin wata ukun nan suke shigowa daga Burutu da Warri. In ruwa ya yi rowa, jirage kaɗan suka iso, kowa zai ji a jikinsa da bazara, har mai sayen gishirin kwabo. Jiragen ba a Jimeta suke tsayawa duka ba, wasu sukan zarce Garwa su kwaso audugar arewacin Kamaru da Chadi.

Ranar shiga jirgi, in ji kakana, kwata takan zama kasuwa. 'Yan dako a jere suna hawa katako guda mai lilo da buhu a ka, akawu yana ƙirga, mata suna tallar ƙosai da fura. Kaya ake fara lodawa, mutane daga baya, domin jirgin na kaya ne, fasinja ƙari ne. Ɗakunan sama na Turawa ne da manyan ma'aikata. Talaka sai ya biya kuɗinsa ya nemi inda zai shimfiɗa tabarma, a jirgin ko a kan kwatarniyar ƙarfen da aka ɗaura masa a gefe. Gwanin tafiya ba ya zama kusa da tukunyar injin, don zafi da tartsatsin wuta, ba ya kuma zama bakin gefe inda feshin ruwa ke jiƙa kaya. Guzuri kowa da nasa: garin tuwo, kuka, daddawa, ƙuliƙuli, kilishi, 'yar tukunya, buta, da bargo saboda sanyin asuba a kan ruwa. Kuɗi kuwa a lalita, a ɗaure a ƙugu. Salla ma sai da lura, don kogin lanƙwasa gare shi. Wanda ya fuskanci gabas da azahar, in bai sake duban rana ba, da la'asar kudu zai kalla.

A gaban jirgi akwai mutum tsaye da doguwar gora yana auna zurfi yana faɗa da ƙarfi. Matuƙan da suka san hanya yawancinsu 'yan ƙasa ne, mutanen kogi, masu gane tudun rairayi daga launin ruwa, domin hanyar bara ba ita ce ta bana ba. In dare ya yi a ɗaure jirgi a gaɓa. In ya hau rairayi kuwa, sai a kwana ana fama da igiya da gora, wani lokaci a sauke kaya a rage masa nauyi.

Tsayawa iri biyu ce, kuma sabon matafiyi a nan yake yin asara. Akwai tsayawar ɗaukar itace, wadda ba ta da tsawo. Mai hankali ba ya nisa da gaɓa, ya sayi kifi banda ya dawo. Akwai kuma tsayawar lodi a manyan tashoshi, inda mutum zai iya shiga gari. Numan, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, ƙasar Bachama ce, nan ne Likita Niels Brønnum na mishan ɗin Denmark ya sauka a 1913. Sai Lau, mashigar Muri. Sai Ibi, wadda a lokacin babbar tashar kamfani ce a ƙasar Jukun. A Makurɗi, inda aka buɗe gadar jirgin ƙasa a 1932, matafiyi yakan yanke shawara: ko ya sauka ya hau dogo zuwa Kafanchan da Kaduna da Kano, ko ya ci gaba da ruwa. Loko tsohuwar mahayar fatake ce masu bin hanyar Keffi da Zariya. Kakana ya ce shi a Lakwaja kaɗai yake yarda ya yi nisa da jirgi, ya je ya ga inda ruwan Kwara da na Binuwai ke gamuwa, ya ziyarci kaburburan sarakunan da Turawa suka kai can, irin su Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ko a nan ma kunnensa na wajen usur. Wanda jirgi ya bari, kayansa sun yi gaba, shi kuma sai ya nemi kwalekwale.

Dawowa ita ce babbar dabara. Gangara da sauri take, haurowa kuwa jan jiki ce, kuma kullum ruwa raguwa yake yi. Wanda ciniki ya ruɗe shi a Anaca har jirgin ƙarshe ya wuce, ko dai ya yi makonni a jirgin gora ana tura shi daga rairayi zuwa rairayi, ko ya yi zamansa sai baɗi. Iya ruwa fidda kai. Zuriyar irin waɗannan da suka makara suna nan a garuruwan bakin kogi, kamar yadda a unguwannin Jimeta akwai gidajen da kakanninsu jirgi ya kawo su, ruwa ya janye, suka yi aure suka zauna.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya karya wannan harka, domin ƙasan Kwara ya zama fagen fama, jirage suka daina haurowa. Bayan yaƙi ba ta sake miƙewa ba. Aka shimfiɗa kwalta, aka gina gadojin Numan da Jimeta, tirela ta karɓe lodi, ita da ba ta jiran Agusta. Yola ta zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976. Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982, tafiyar ruwan ta sauya, rairayi ya yi ta taruwa. An kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ana kuma yawan maganar yashe Binuwai, amma har yau kwalekwalen masunta da masu ɗiban yashi ne ke yawo a ƙarƙashin gada.

Ba na cewa a koma zamanin jiran gishiri wata tara. Mota ta yi mana rana. Abin da nake ganin mun yi hasara shi ne sanin ruwa. Mutanen da suka gina sito a kan tudu sun san iyakar kogi a shekarar da ya fi cika, mu kuwa mun yanka filaye a fadamarsa, sai ambaliyar 2012 da ta 2022 suka zo suka nuna mana iyakar da kakanninmu suka sani. Ko jirgi ya dawo ko bai dawo ba, garin da ke zaune a bakin Binuwai yana bukatar masu auna ruwa kowace damina, da sanarwa kan lokaci daga Lagdo, da hukumar da za ta hana gini inda kogi ke kwana a watan Satumba.